Mai Kwanuka a Gindin Rumbu

Shafa'atu na tsakar gida tana auna geron furar matan da za su zo zaɓar wa ɗiyarta amarya kayan jere, amma idonta na kan baƙuwar dillaliyar da ta sauke kwando a gindin rumbu. Doguwa ce, zanenta ya koɗe, ƙafafunta duk faso. Ba wanda ya san ta a Safana. Wai daga kantin Turawa na Katsina ta ɗauko kwanukan, sababbi fil.

"Baiwar Allah, miƙo fantekar can in ga ko za ta ɗauki tuwon taro," in ji Shafa'atu.

"Tuwon mutum goma take ci," matar ta amsa ko dubawa ba ta yi ba. "Tara, in da maigidana a ciki." Sai ta kama bakinta.

Shafa'atu ta kai fantekar hanci. An dirje ta da toka, amma warin daddawa bai fita ba. Sabuwa, wai! Ko dai kayan sata ne, ko kuwa rumbun gidan matar ya ƙare ta kwaso jeren ɗakinta a ɓoye.

Matar ta karɓi abarta, tana goge ta da bakin zane yadda ake goge fuskar ɗa. Ɓarauniya ba ta shafa kaya haka. Duk da haka Shafa'atu ta jawo mudunta kusa da ƙafarta.