Malam Badamasi, Wanda Ya Ceto Muryar Baba Wada

Kowace safiya, kafin Malam Badamasi ya taɓa kwamfutar kowa a shagonsa na bakin tashar Tudun Wada, sai ya zagaya baya ya tsoma kara a tankin janareta, ya ɗaga ya duba. Shekara ashirin ke nan yana haka, shekara ashirin kuma 'yan acaba na yi masa tsiya, wai shin gyaran kwamfuta yake yi ko awon fetur. Murmushi kawai yake yi. Ya san in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki a kan faifan ajiya, inda kwamfuta ke adana komai, ɗan abin da ya rage ma salwanta zai yi.

Sanyin hannunsa har haushi yake ba mutum. Ba ya gyara faifai sai ya kwashe duk abin da ke ciki zuwa wani sabo, sannan ya bincika, sannan ya yi gyaran a kan kwafin. Masu gaggawa sun sha ɗauke kayansu cikin fushi, galibinsu kuma sun dawo suna sunkuyar da kai.

Bara Malama Maijidda, mai koyarwa a wata firamare a Riruwai, ta iso shagon rungume da kwamfuta a cikin zane. Shekara uku ta yi tana naɗar hirar mahaifinta, Baba Wada, tsohon mahaƙin kuza. Daga baya shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Muryarsa ba ta saura ko'ina ba sai a wannan faifan, faifan kuma ya fara ƙarar ƙas-ƙas, komai ya ƙi buɗuwa.

"Kwamfutar ta nuna miki wajen danna gyara?" in ji Malam Badamasi.

"Ta nuna, Malam. Har na kai hannu, sai na ji tsoro. Yayana ma cewa ya yi in ɗan bubbuge ta kamar rediyo."

"Tsoron nan ya yi miki rana. Yayanki kuma ki gaishe shi, ki ce ya tsaya a rediyo."

Ya kasa kunne ga faifan, gabansa ya faɗi. Irin wannan sau ɗaya yake yarda a kwashe shi, a hankali, ba tsayawa. Aikin awa tara ne, man janareta na awa uku, ga shi a makon nan gidajen mai duk sun bushe. Ya ce ba zai fara ba. Malama Maijidda ta zauna a benci, hawaye na zuba.

Uba, shugaban 'yan acaban tashar kuma uban masu tsiyar, ya leƙo ya ji abin da ake ciki. Ya fita ya dawo da tiyo da galan. Babur goma sha ɗaya aka tatsa a safiyar nan, kowa kwalba guda, har tanki ya cika.

"To Malam mai awo, a auna mana," in ji Uba.

Ya auna, ya yi bismilla, ya kunna. Bai bar gaban allon ba sai don salla. Wuraren da suka lalace a faifan ya tsallake su, sai da ya tsira da masu lafiya ya komo yana lallaɓa su ɗaya bayan ɗaya. Gab da magariba ya miƙa mata faifai biyu, kowanne da kwafin hirar, ya ce kada su kwana ɗaki ɗaya.

Washegari da hantsi ta kira shi a waya, ta ce ya saurara. Sai ga muryar Baba Wada da aka naɗa tana tashi tangaran a tsakar gida, yana ba da labarin yadda matarsa, Inna Baturiya, ta riƙa biyo shi bakin rami da ƙwaryar fura, shi ko kallonta ba ya yi.

"Maigida, ka ji tsoron Allah!" Muryar Inna Baturiya, da ke zaune a tsakar gidan tana saurare, ta katse labarin. "Wa ya yi wata guda yana sayen furata, alhali nono ɓata masa ciki yake yi?"

Aka kwashe da dariya. A cikinta akwai wata mai kauri, tana fita da kyar.

"Baba ne," in ji Malama Maijidda. "Tun da ya kwanta ba mu ji dariyarsa ba sai yau."

Malam Badamasi ya share ido da bakin riga, bai ji kunyar kowa ba.

Kai ne mai haƙurin da muka yi wa dariya, Malam, sai ga shi haƙurin ya mayar wa gida guda da muryar ubansu. Mun gode, Allah Ya ƙara wa hannun nan albarka. Masu sana'a kuma, in aka miƙo muku kayan mutum a cikin zane, ku tambayi abin da ke ciki kafin ku ɗauko sukuddireba.