Ziyarar Kafin Hausa da Ban Kai Baba Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Adamu, kuma har yau in na hau titin Kafin Hausa sai ya faɗo mini a rai. Mutane sun san shi da noman gero da limancin ƙaramin masallacin unguwarmu a wani ƙauye kusa da Jahun. Ni kuwa na san shi da tambaya guda da ya kwashe rayuwarsa yana yi: ina kakansa ya ƙare?

Kakan nan, Malam Isiyaku, ya tashi aikin hajji a ƙafa tun kafin a haifi Baba. Ya bar mata da ɗa ɗaya, ya nufi gabas, bai dawo ba. Wasu suka ce ya rasu a hanya, wasu suka ce ya zauna a Sudan ya yi wani iyali. Baba bai taɓa ganinsa ba, amma a gidan da ya gina ya tashi, da littattafansa ya yi karatu.

A shekararsa ta ƙarshe Baba ya samu labarin wani tsoho a Kafin Hausa, Malam Barau, wanda ya yi karatu a gaban Malam Isiyaku yana ƙarami. An ce shi ya karanta wasiƙar ajami da malamin ya aiko daga gabas. Lokacin ina aiki a Dutse, na sayi mota. Na je gida wata Juma'a, Baba ya ce, "Sani, in ka samu sarari ka kai ni wajen bawan Allahn nan. Ƙafata ba ta jure babur yanzu."

Na ce, "To Baba, bari a gama aikin da ke gabanmu a ofis."

Aka gama aikin. Na ce sai bayan sallah. Bayan sallah na ce sai ruwa ya ɗauke. Sau uku ya tuna mini, daga nan bai sake ba. Na ɗauki shirun nan a matsayin ya haƙura, har na ji daɗi a raina. Wannan jin daɗin shi ne abin da na fi jin kunyar faɗa. Tafiyar da ba ta kai wuni ba, ga ni kuwa duk ƙarshen mako ina wajen ɗaurin aure ko zaman hira da abokai. Ana cikin girbi zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in na tafi Kafin Hausa ni kaɗai. Na tarar da Malam Barau a zaure kan buzu, tsufa ya cinye shi. Na gaishe shi, na faɗi ko ni wane ne. Ya riƙe hannuna ya ce, "Adamu ne? Ai tun rani aka ce kana tafe."

Na kasa gyara masa. Na tambaye shi wasiƙar. Fuskarsa ta washe, ya ce, "Malam ya rubuto, ya ce ya sauka lafiya a garin… a garin…" Sai ya yi shiru yana motsa baki. Muka jira har aka kira la'asar, sunan bai zo ba. Ɗansa ya raka ni bakin mota ya ce, "Da kun zo kafin damina, da kun sha labari. Ciwon da ya yi ne ya tafi da tunaninsa." Takardun tsohon kuma ɗaki ya rufta da su a ruwan shekarar. Da-na-sani ƙeya ce, ranar na san haka.

Tun daga nan na yi ta nema. Na bi dattawan Jahun da Taura, na tambayi alhazai, na aika saƙo ta waya ga Hausawa mazauna Sudan. Kowa sai ya ce, "Isiyaku na wane gari? A ina ya sauka?" Nan maganar take tsayawa. Ina tunanin abin da Baba zai ce da ya ga yau mutum na zaune a Dutse yana magana da na Makka fuska da fuska. Na san zai yi murmushi ya ce kayan nema sun yi yawa, masu sani ne suka ƙare.

Bara na samu ƙarfin halin faɗa wa mahaifiyata duk wannan. Inna ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ai ƙanenka ya so ya yi maka faɗa a lokacin, Malam ya hana. Ya ce a ƙyale ka, aiki ne ya yi maka yawa, ba ƙi ka yi ba."

Na so a ce Baba fushi ya yi. Da ya fi mini sauƙi.

Baba bai bar dukiya ba, bai kuma samu amsar da ya nema ba. Abin da ya bari shi ne halin nan na nema wa mutum uzuri tun kafin ya nema wa kansa. Kakan da ya tafi ya bar su, bai taɓa zarginsa ba. Ɗan da ya ƙi kai shi, shi ma ya rufa masa asiri. Ni ban cancanci uzurin ba, amma da shi nake rayuwa. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da Malam Isiyaku a inda ba sai wani ya kai shi ba.