Mai Jita a Ƙofar Tashar Sendai

A ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Sendai, ƙarƙashin ƙaton allon talabijin, wani dattijo yana zaune a kan dakali yana kaɗa jita. Furfura ta cinye masa kai, kwat ɗinsa ta koɗe amma ta sha guga. Jama'a na ta wucewa, ba mai ko waiwaye.

Sai allon ya nuno Naoto da Teppei, mawaƙan nan biyu da yau gari duk ke rera waƙarsu, waɗanda a kan wannan dakalin suka fara. Dattijon ya dafe tsirkiyar jitarsa har suka gama, sannan ya rusuna wa allon kamar surukansa ne suka gifta. Ina jin tare suka sha sanyi a nan, sa'a ta zo ta ɗauki biyu ta bar ɗaya.

Ni kuwa wajen wasansu za ni, da tawul mai sunayensu a wuya, kamar yadda duk masoyansu ke yi. Na zare shi a hankali ina cusawa a jaka.

"Haba yarinya, me za ki ɓoye?" ya ce yana dariya. "Mayar da abinki. In kin shiga ki ɗaga shi sosai, Teppei ba ya gani daga nesa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. "Baba, yi mini waƙarka ɗaya in ji."

Ya dubi agogon tasha. "Jirginki zai tashi."

Ko musu ban yi ba. Da gudu ma na tafi.