Baba Antoni da Tokar Ganyen Dabino

Ina shanyar kaya a gidanmu na Gesse da hantsin Litinin, Mama Rosa, matar Baba Antoni, ta kira ni daga Argungu. Muryarta ba ta rawa, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta ce, "Rifkatu, babanku ya tahi. Yanzun nan yac cika." Na zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen zane a hannu, na daɗe ban tashi ba.

Baba Antoni ba shi ya haife ni ba. Katikis ɗinmu ne, mai koyar da addini a cocinmu na Katolika, a hannunsa na koyi addu'a. Daga kudu ya zo Birnin Kebbi yana saurayi da kwanukan sayarwa, ya tsufa a nan har Kabancinsa ya fi na wasu 'yan gari. Ba zan ce mai sanyin hali ba ne, mun sha faɗansa. Amma in ka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa, ba ya kame-kame. Yakan ce, "In ba ka sani ba, ce ban sani ba. Ba a taɓa ɗaure kowa kan wannan ba."

Muna da al'ada. Ganyen dabinon da muke riƙewa ranar Lahadi kafin Ista, ba a zubar da shi. Ana adana shi shekara guda, a ƙona, a shafa mana tokar a goshi ranar Larabar Toka, farkon azuminmu, don mu tuna ƙasa za mu koma. Baba ne mai ƙonawa. Ganyen kuwa amininsa Malam Umaru, Musulmi manomin shinkafa a fadamar Argungu, shi ke saro masa. Kwano ɗaya suke ci tun kafin a haife ni.

Shekara uku da suka wuce aka yi taron shugabannin addini, aka sa a rediyo. Cikin baƙi akwai wani babban limamin cocin Otodoks. Aka tambaye shi batun tokar. Cocinsu ba su da wannan al'ada, da ya faɗi haka da shi ke nan. Sai ya gyara murya, ya ce ya ji tokar ƙasusuwan matattu ce Katolika ke ƙonawa.

Kafin mako ya zagayo, matanmu masu tuwo-tuwo suna komawa gida da tukwane a cike. Maƙwabciyata ta hana 'ya'yanta shan ruwa a randata. Malam Umaru da kansa ya zo shagon Baba, ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba. Ya ce, "Antoni, wanga abu da anka hwaɗi ga rediyo, gaskiya na?" Baba ya gaya mini bai taɓa jin zagin da ya kai wannan tambaya zafi ba.

Idonsa ya yi rauni, don haka ni na rubuta masa wasiƙa zuwa ga limamin, shi yana faɗa. Babu zagi a ciki, babu kuma lallashi. Ya ce wa limamin: an tambaye ka abin da ba naka ba, ka amsa da jita-jita, kai ka hau mota ka koma, mu ne za mu shiga kasuwa gobe, inda ka yi ɓarnar, nan za ka gyara. Sau uku muka aika. Ko amsar gaisuwa ba mu samu ba.

Da azumi ya zagayo, Baba ya ƙi ƙona ganyen a bayan coci yadda aka saba. Ya fito da shi bakin titi da rana tsaka, ya bi maƙwabta gida-gida yana kira. Malam Umaru ya zo. Ya ɗaga ganye ɗaya, ya juya shi, ya ce, "Wanga ai nawa na. Ni nis sare shi." Ya zauna har wutar ta mutu, kansa a sunkuye. Amma waɗanda suka gani ba su cika rumfa ɗaya ba, rediyo kuwa ya shiga kowane ƙauye. Har yau akwai masu kauce mana ranar Larabar Toka.

Da ciwo ya kwantar da shi a gidan 'yarsa a Argungu, duk Lahadi da la'asar sai an kunna masa shirin addinai. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a kashe. Zuwana na ƙarshe na ce masa limamin nan ba zai gyara maganarsa ba. Ya ce, "Na sani. Ku dai sa shi ga addu'a, nauyin da ya ɗauka ya hi namu."

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Antoni, ka gafarta masa zafin zuciyarsa, ka ba shi hutawa. Ka riƙe Mama Rosa da 'ya'yansa, ka ba Malam Umaru haƙurin rashin amini. Wancan limamin ma, ga shi na ambace shi, Baba, don kai ka ce. Amma bakina ne kawai ya yi, zuciyata ba ta bi ba tukuna. Allah ya taimake ni.