Riƙon Ƙwaryar Fausatu a Zangon Natsuwa

A filin jirgin sama na Hamad an san Fausatu Osman da saurin tafiya. Ita ke kula da mata goma sha huɗu masu share ɗakunan salla da banɗakuna a ɓangaren masu tashi, kuma ita ke tsara musu wa zai shigo da safe, wa zai karɓa da rana. 'Yar Aboabo ce ta Kumasi. Ta zo Doha shekara biyu bayan mijinta Mutala, wanda ke tuƙa a-kori-kura yana raba ruwan sha a shagunan Mesaimeer. Suna zaune a Mansura, a wani ɗaki da aka yanko daga falo da katako, 'ya'yansu biyu kuma suna gida wajen mahaifiyarta. Karatunta na allo a izu goma ya tsaya, ba ta kuma taɓa ɓoye wa kowa ba.

In sanyi ya shigo, ranar hutunta a Zangon Natsuwa take yin ta. Wuri ne a cikin sahara, tafiyar awa ɗaya da rabi daga gari, rabin awar ƙarshe duk a kan yashi. Wani tsohon Balarabe mai kiwon raƙuma ne ya ba Malam Abdul-Ganiyu, wanda ya kafa wurin, aron kusurwar filinsa, don Malam ya taɓa koya wa jikokinsa karatu. Tanti huɗu ne a wurin: biyu na maza, ɗaya na mata, ɗaya na salla. Sai tankin ruwa, da janareta, da magarya bakwai da Malam ya dasa da hannunsa. Ba wurin neman riba ba ne. 'Yar ƙungiya ce ta mutanen zangunan Ghana da 'yan arewacin Najeriya, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Mai zuwa zai jefa wayarsa a kwandon da ke bakin shiga, ya yi kwana ɗaya ko biyu yana karatu da zikiri, ya huta da ƙarar gari. Aikin Fausatu a can shi ne girki da gyaran tantin mata.

A watan Maris na 2020 Malam ya tafi Tamale duba mahaifiyarsa. Sati biyu ya ce zai yi. Yana can cutar korona ta sa aka rufe hanya. Ran nan Fausatu na tsaye a bakin ɗakin sallar mata, filin jirgin ya yi tsit kamar ba shi ba, sai ga kiransa.

"Fausatu, kin ga abin da Allah ya yi."

"Na gani, Malam. Ai a idona ake yi, ko'ina wayam."

"To, zango ke za ki riƙe mini kafin in dawo."

Ta yi dariya, don ta ɗauka wasa yake. "Malam, ni? Ga likitoci a cikinmu, ga Injiniya Haladu."

"Likitoci yanzu ko runtsawa ba sa samu. Haladu kuma mutumin kirki ne, amma ki tambaye shi inda ake rufe bakin tanki ki ji. Ba limanci na ce ki yi ba. Wurin za ki riƙe kar ya mutu. Wata ɗaya ne, in Allah ya so."

Da ta koma gida ta gaya wa Mutala, sai ya miƙe daga kan katifa ya rusuna. "Ranki ya daɗe, shugaba. Mu talakawa me za mu ci yau?"

"Abin da ka dafa, Baban Nafeesa," in ji ta.

Watannin farko babu wanda za a shugabanta sai bishiyoyi. An hana taro, an kuma ƙayyade yawan mutane a mota, don haka ita da Mutala kaɗai ke zuwa. Duk Juma'a bayan asuba sukan loda jarkoki su kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba, su ba magarya ruwa, su kwashe yashin da iska ta tara a jikin tanti. Malam yana ba da karatu ta waya daga Tamale, zakarun maƙwabtansa na taya shi, muryarsa ta ɗauke a tsakiyar aya ta dawo a wata.

Wata Juma'a suka tarar raƙumi ya ture shinge ya cinye magarya biyu har ƙasa, yana tsaye a wurin yana tuƙa abinsa, ko a jikinsa. Mutala ya ce a yi haƙuri, fili na mai raƙumi ne. Fausatu ta gyara takunkuminta ta taka har rumfar tsohon. Larabcinta na filin jirgi ne, bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Ta yi sallama, ta nuna raƙumi, ta nuna bishiya, ta kama tauna iska da bakinta, sannan ta watsa hannu ta ce, "Khalas!", wato sun ƙare. Tsohon ya yi ta dariya har da tari. Juma'ar da ta biyo suka tarar an kewaye bishiyoyin da sabuwar waya, ga kwalin dabino an ajiye a inuwa. Tun daga ranar yake kiranta Mudira, wato shugaba, sunan kuma ya bi ta.

Wata ɗaya ya wuce, shida suka wuce. Takardar zaman Malam ta ƙare yana can, wurin aikinsa suka sallame shi, jikin tsohuwarsa kuma ya ƙi daɗi. Ya daina cewa "kafin in dawo", ya koma cewa "yadda kika gani".

Da aka sassauta, aka fara barin mutane kaɗan su taru, sai ainihin aikin ya taso. Injiniya Haladu, mutumin Katsina da ke aiki a kamfanin gas, ya zo taron farko da tsari shafi goma sha biyu. Kafin a kai shafi na uku gardama ta kaure. Wasu suna son zikiri da ƙarfi a cikin da'ira kamar yadda suka saba a gida. Wasu sun ce su shiru suka zo nema, in hayaniya ce suna da ita a gari. A da Malam ke raba wannan da aya da hadisi. Fausatu ba ta da su a ka. Ta juya bayan takardar Haladu ta ja layi kamar yadda take yi wa ma'aikatanta.

"Daga asuba zuwa azahar, shiru. Ko cokali ya faɗi, a ɗauke shi a hankali. Daga la'asar zuwa magariba, masu da'ira ku yi har raƙuma su ji. Mai son shiru a lokacin, ga bayan tudu can, na sa an shimfiɗa tabarmi."

Sai wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi sosai ba amma kowa ya ji, "Yanzu mai shara ce za ta tsara mana ibada?"

Maganar ta soke ta, ta faɗa wa Mutala haka daga baya. Amma a wurin cewa ta yi, "Ibadarka tsakaninka da Ubangijinka ce, Alhaji. Ni lokaci na raba, shi ne sana'ata."

Haladu ya naɗe sauran takardunsa ya sa a aljihu. "Hajiya, naki ya fi nawa gajarta. A bi shi."

A sanyin shekarar ne wata nas mai suna Muhsina ta zo. Ta yi wata da watanni tana aiki a ɗakin masu korona. Ta ajiye jaka, ta ɗauki Alƙur'ani, ba ta gama shafi ba barci ya kwashe ta. Wasu mata suka fara ƙananan maganganu, wai nan ba otel ba ne. Fausatu ta sauke labulen gefen da take kwance, ta zauna a bakinsa tana tsince wake. Lokacin salla kawai take tashinta, ta yi ta koma. Washegari da hantsi Muhsina ta fito ta zauna kusa da murhu, ta sha koko kofi biyu, sai ta fara ba da labarin wani dattijo da ta riƙe wa waya yana ban kwana da iyalinsa. Ta yi kuka, Fausatu ta bar ta ta yi. Sati biyu bayan haka ta dawo da abokan aikinta biyar. Daga nan aka ware ƙarshen mako ɗaya a wata don ma'aikatan asibiti, kuma ba a tambayar kowa shafi nawa ya karanta.

Sai ga gasar cin kofin duniya ta 2022. Doha ta cika ta batse, a filin jirgi Fausatu ba ta zama. Duk da haka zango bai rufe ba, har ma baƙi suka ƙaru, don wasu 'yan kallo daga Accra da Kumasi sun ji labarin wurin wajen 'yan uwansu. Ranar Litinin ɗin da Ghana za ta kara da Koriya ta Kudu, mutum ashirin da shida ne a zango. Tun bayan azahar ta lura kwandon waya ya yi sauƙi. Maza sai fita suke ɗaya bayan ɗaya, wai za su duba tayar mota. Har Mutala, wanda ta san tayarsa lafiya lau.

Ta same su a bayan a-kori-kura, su tara, sun haɗa kai a kan waya ɗaya da ko hoto ba ta kawowa. Alhajin nan da ya kira ta mai shara yana cikinsu, carbi a hannu.

"Taya ta gyaru?" in ji ta.

Mutala ya yi wuf ya ɓoye wayar a bayansa. Ta ci gaba:

"Dokar Malam ba waya a cikin zango, ni kuma ba zan karya ta ba. Amma rumfar maƙwabcinmu ba zango ba ce, kuma yana da talabijin. Yalla, kowa ya ɗauki tabarmarsa. Wanda ya zo don shiru ya zauna, an bar masa wurin gaba ɗaya."

Mutum huɗu suka zauna. Sauran suka bi ta a layi suka haye tudun yashi, har da 'yan Najeriya da ƙasarsu ba ta zo gasar ba, Haladu na cewa shi rakiya kawai ya yi. Tsohon ya sa aka fito da talabijin waje, aka dafa shayi, mata suka zauna gefe guda. Kafin hutun rabin lokaci Ghana ta zura biyu. Ana busa usur rana na faɗuwa, aka yi alwala aka yi magariba a kan yashi. Da aka dawo Koriya ta farke duka biyun cikin 'yan mintuna, wurin ya yi shirun da ko a zango ba a taɓa samu ba. Da Ghana ta zura ta uku, Haladu mai rakiya ne ya fara tsalle, hularsa ta faɗa cikin tiren shayi. Fausatu ta rangaɗa guɗa, raƙuman da ke kwance suka miƙe.

Bayan kwana goma, tana bakin aiki, aka ce wani dattijo na nemanta a ɓangaren masu sauka. Malam Abdul-Ganiyu ne, ya rame, gemunsa ya yi fari fat, ga katin 'yan kallo rataye a wuyansa. Mutumin da bai san mutum nawa ke buga ƙwallo ba.

"Malam! Kai ma kallo ka zo?"

"Da wannan katin kaɗai suka ce zan shigo," in ji shi. "Ni magaryata na zo gani."

Mahaifiyarsa ta rasu a farkon shekarar, ya kuma buɗe makaranta a Tamale, don haka ba zama ya zo yi ba. Ranar Juma'a aka kai shi zango. Ya zaga bishiyoyin, biyar sun fi shi tsawo, biyun da raƙumi ya ci sun sake tofowa. Ya tsaya ya karanta jadawalin da ke manne a tantin salla, ya ce shi shekara shida yana fama da wannan gardama. Bayan la'asar ya tara mutane ya ce riƙon ƙwarya ya isa haka, a tabbatar wa Fausatu da shugabanci. Aka ɗaga hannu, ba wanda ya bar nasa a ƙasa.

Fausatu ta miƙe ta yi godiya, sannan ta ce a'a.

"Shekara huɗu ban ga 'ya'yana ba sai a waya. Nafeesa ta shiga sakandare ba na nan. Amana aka ba ni, ga ta na kawo. Ku ba Injiniya, ya iya yanzu. Ni na koya masa."

Aka yi ta roƙo, ba ta sauya ba. Haladu ya karɓa bisa sharaɗin in ta dawo za ta zauna a kwamiti, ta kuma ci gaba da kula da makon ma'aikatan asibiti. Ta yarda da wannan.

A watan Janairu ita da Mutala suka tafi hutu gida Kumasi. Duk kayan da ta saya wa Nafeesa sun yi mata kaɗan, don yarinyar ta kere uwarta tsawo, sai aka ba 'yar maƙwabta. Washegari ita da 'yar tata suka tafi kasuwar Kejetia su biyu, Nafeesa na gaba tana nuna mata hanya, suka zaɓo atamfa suka kai wa tela.