Gwiwar da Ta Ƙi Lanƙwasa

Ranar da na shiga makarantar horon hafsoshin soja, na hango wani hafsa tafe, sai na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini a ƙauyenmu na ƙasar Sabuwa. Sajen da ke kula da mu ya gani. Ya sa ni tsallen kwaɗo daga bakin ƙofa har filin fareti, katifata a ka, yana cewa nan ba gidan surukaina ba ne.

Daga ranar, ko alamar lanƙwasa gwiwata ta yi sai na sha birgima cikin taɓo. Babba ya shigo, ka miƙe zumbur, ka buga ƙafa, ka ƙame. Saje ya ce wanda zai ja mutane zuwa bakin daga ba ya tsayawa shawara da jikinsa. Na tsani mutumin nan, amma ya iya aikinsa. Da sababbin ɗalibai suka zo, ni ke sa su tsallen kwaɗo, har da jin daɗina.

A gida kuwa Baba ya gaya wa kowa karatun malanta nake a birni. A wajenmu gidan da ke da soja shi 'yan bindiga ke fara nema, kuma masu kai musu labari tare muke sallah da su. Shi ya sa da aka ba mu hutu na bar kaki a makaranta, na danna hula ta rufe askina, na shiga gari ina jan ƙafa.

Bayan la'asar zauren Baba ya cika da 'yan sannu da zuwa. Muna cikin hira mai unguwa ya yi sallama. Kowa ya zame ya durƙusa. Ni kuwa sai ji na yi ƙafata ta daki ƙasa, ina tsaye ƙiƙam, hannuwa manne da cinya.

Wani maƙwabcinmu ya yi 'yar dariya ya ce, "Halan hakanga malamai ke gaisuwa yanzu?" Baba bai ɗago kai ba.

Da safe ya goya ni a mashin har bakin titi. Ya ce, "Ka tahi. Kada ka sake zuwa garinga. Ko mutuwata ka jiya, yi mani addu'a daga can."

Kafin a yanke gero 'yan bindiga suka same shi a gona, suka kashe shi. An ce ba su tambayi shanu ba, uban soja suka tambaya.

Kwamandanmu ne ya kira ni ofis ya gaya mini. Ina ƙame a gabansa har ya gama. Wallahi na so in zube ƙasa in yi kuka kamar kowane ɗa, gwiwar ta ƙi. Na sara masa, na juya, na koma fareti.