Ranar da Kwamitin Gwamnati Ya Ci Rago a Gidanmu

Gidanmu na unguwar Nuzla, a ƙasa mai tsarki, jingina aka yi da shi tun kafin a gama gininsa. Baba ya karɓi kuɗin siminti a hannun wani ɗan kasuwa na unguwar Bagdadiyya, yana biya wata-wata da abin da yake samu a dakon tashar jirgin ruwa. Da bayansa ya ƙage, biya ya tsaya. Ɗan kasuwan ya aiko cewa in aikin hajji ya wuce zai karɓi gida.

A lokacin nan aurena ya riga ya mutu, na dawo gida ina tuyar masa ina sayar wa alhazai, don haka komai a idona aka yi.

Ana haka aka yi shela cewa gwamnati za ta sauke wa 'yan ƙasa marasa ƙarfi bashin gida. Baba yana da takardar zama ɗan ƙasa, wadda ya samu bayan zuwansa daga Sudan. Kwamiti ne zai bi gida-gida ya ga halin kowa. Maƙwabcinmu, wani tela, shi ma ya rubuta sunansa, ko da yake bashinsa bai taka kara ya karya ba.

Ana gobe za su zo, Baba ya dubi tabarminmu ya ce ba za a yi haka da shi ba. Ya aika gidan tela aka aro darduma, fanka, rediyo da firji. Ya karɓo rago bashi.

Na ce, "Baba, talaucinmu fa za su zo dubawa."

Ya ce, "Ke, baƙonka annabinka. Lajna guda, kwamitin gwamnati, za ta zo gidana ta zauna a tabarma? Halas, an gama magana. Yalla, ɗora tukunya."

Na ɗora, raina a ɓace.

Mutum uku suka zo. Baba ya tarbe su a tsaye cak, cikin babbar riga, kamar bai taɓa sanin ciwon baya ba. Suka ci shinkafa da nama, suka sha ruwan sanyi, fanka tana kaɗa musu. Babbansu ya tambaye shi da Larabci yaya rayuwa.

"Mastura, alhamdu lillahi," in ji Baba. Wato asiri a rufe.

Mutumin ya sake tambaya ko akwai wata damuwa. Baba ya ce babu, sai alheri. Ina bayan labule ina ji, ludayi a hannuna.

Daga nan suka shiga gidan tela. Suka same shi zaune a kan siminti yana fifita da kwali, ko inda za su zauna babu. An yafe masa bashinsa. Mu kuwa aka ce ba ma cikin mabuƙata.

Tela ya zo har gida yana ba da haƙuri. Baba ya yi masa murna, ya kuma gode masa da aron firji.

Bayan hajji muka kama hayar ɗaki a unguwar Waziriyya. Ranar tashi, kaya suna kan mota, Baba ya sa na koma na share gidan tas, har bayan gida, don kada mai karɓa ya ce ƙazamai ne suka zauna a ciki. Na share ina kuka, ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa. Da na fito ya shiga da sandarsa ya duba, ya daɗe a ciki, sannan ya fito ya ce na bar yanar gizo-gizo a saman ƙofar ɗakinsa.